BMW i8 a titunan Accra: daɗinta da ciwon kanta

Toh jama'a, tunda yanzu duk wanda ya ganni sai ya tare ni da zancen motar nan mai ƙofa tana tashi sama, daga bakin masallaci har wajen mai waakye ba a barina in ci abinci cikin kwanciyar hankali, bari in zauna in faɗi abun da na sani a kanta gaba ɗaya in huta. Na farko dai ba tawa bace, masu cewa yaron nan ya shiga sakawa, wato damfarar intanet, ku ji tsoron Allah. Ta kawuna ce, shi ke shigo da motoci ta tashar jirgin ruwa ta Tema yana sayarwa, ni kuwa ɗan aike ne, ni ke wanke su, ni ke zagawa da su kar batir ya kwanta, ni ke kaiwa masu saye su duba. Ita wannan BMW i8 ɗin samfurin 2016 ce daga Amurka, kuma ta daɗe a gareji ana tayawa ana watsewa, shi yasa na santa ciki da bai fiye da duk wata mota da ta taɓa ratsa hannunmu. Abun da zai ba wasu haushi kuwa shine, gudu da ƙarar da kuke mata kirari da su ba nan ne gwanintarta take ba, inda na fi jin daɗinta wallahi cikin tirafik ne.

In ka tsaya a gabanta ka ga yadda ta kwanta a ƙasa, faɗi ya kusa mita 2, rufinta kuwa da ƙyar ya kawo maka ƙirji, sai ka rantse inji mai silinda 8 ko 10 ne a ciki. Silinda 3 ne. Eh, uku. Lita 1.5 da turbo, dangin injin da ke cikin Mini Cooper, Corolla mai 1.8 ma ta fi ta girman inji. Shi wannan ɗan injin a bayan kujeru yake, yana juya tayoyin baya da ƙarfin doki 231 ta giya 6, a gaba kuma akwai injin lantarki mai doki 131 da giyarsa 2 yana juya tayoyin gaba, in sun haɗu a ce 362. Babu wani ƙarfe da ya haɗa gaba da baya, kwamfuta ce kawai ke sasanta su, ita ke cewa wane yanzu kai zaka ja, wane kai ka huta. Babban batirin kuma yana kwance a tsakiya, cikin dogon tudun nan da ya raba kujerar direba da ta mai zaman banza. Jikin da mutum ke zama ciki na carbon fibre ne ba ƙarfe ba, ƙasan alminiyon, shi yasa duk da batir nauyinta bai wuce kilo 1,500 da 'yan kai ba. Ku riƙe maganar carbon ɗin nan, zamu dawo kanta, don nan ne kuɗi ke kuka.

Yanzu zancen tirafik. Duk wanda ya san fitowa daga Nima da safe ya bi Kanda ya faɗa 37 ya nufi Tetteh Quarshie, ko ya shiga Spintex da yamma, ya san ba tuƙi ake ba, zama ake ana ƙona mai. Toh a nan akwai wani maɓalli a kusa da giya an rubuta eDrive, kana dannawa injin fetur ya yi shiru, lantarki kaɗai ke jan ka, kuma esi bai tsayawa don kwamfaresan nata da batir yake aiki ba da bel ɗin inji ba. Sai ka ganka zaune cikin sanyi, tirotiro a hagu yana tusa hayaƙi, met yana ta ihun Madina Madina, okada na ratsawa ta ko'ina, kai kuwa ko ɗigon mai baka ƙonawa, ba jijjiga, ba ƙara, in aka matsa taku uku ka ɗan taɓa totur ta silale gaba. Na ja manyan motoci da dama a garejin nan, V8 da su waye da waye, babu wadda ta sa na daina tsanar tirafik sai ita. Da asuba ma in zan fitar da ita ba wanda ke farkawa a gidan, har kajin maƙwabta basa sani.

Amma shirun nan shi ma yana da haɗarinsa a unguwa irin tamu. Yara masu wasa a bakin titi, kayaye da kaya a ka, masu tallan piya wata, duk kunne suke amfani da shi kafin ido, kuma motar nan bata musu sallama. A wajen kasuwar Nima hannuna baya barin hon. Sannan kar wani ya ruɗe ka da nisan da lantarkin ke yi, a takardar Turai kilomita 37 aka rubuta, a ta Amurka mil 15 wato wajen kilomita 24, kuma ta Amurkan ta fi kusa da gaskiya, balle da zafin watan Maris esi na aiki ba hutu, ga batir ya kwana biyu a duniya. Zuwa gari da dawowa dai, shi kenan. Tana iya kaiwa gudun 120 da lantarki zalla amma in ka yi haka kafin ka gama murna batirin ya ce ga garinku.

Gudu fa? Tana da shi, ba zan yi mata ƙarya ba. Daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa 4.4, ƙarshen gudunta an ɗaure shi a 250. In ka tura giya hagu ta shiga Sport, allon gabanka ya koma ja-ja, inji ya tashi bai ƙara mutuwa, ka taka, lantarkin ne ke fara fizgar ka tun kafin turbo ya farka, kan ka ya bugi kujera, tayoyi huɗu duk suna ja ba zamewa. Wannan fizgar farkon ita ce daɗin. Sai dai in allura ta fara nisa zaka ji ƙarfin yana saki a hankali, ka tuna ai silinda 3 ne. Kuma in za a yi maganar tsakani da Allah, wanda ya jera ta da manyan motocin gudu masu haɗa fetur da lantarki kallon kitse yake wa rogo. Porsche 918 tun 2013 doki 887 gare ta. Ferrari SF90 ta 2019 doki 1,000 ce cif, tana kai 100 a daƙiƙa 2.5. McLaren Artura 680. Lamborghini Revuelto ta 2023 da silinda 12 ɗinta 1,015. Tamu 362. Kai ko a cikin gidansu ma, M4 ta wancan zamanin mai doki 431 tana wuce ta, kuma bata kai ta tsada ba. Su waɗancan sun sa lantarki ne don ƙara wa gudu gudu, ita kuwa an sa mata ne don ta rage shan mai ta kuma yi shiru a gari, manufar tun asali ba ɗaya bace, siffar ce kawai ta ɗauko irin tasu.

Toh amma ni nakan tambayi masu raina 362 ɗin, ina zaka kai 1,000 a ƙasar nan? Cikin gari doka 50 ce, motowe 100, kuma motowen Accra zuwa Tema gaba ɗayanta kilomita 19 ce tun da aka buɗe ta 1965 zamanin Nkrumah, ga faci ga tireloli masu fitowa daga fot. Abun da i8 ke da shi ma ya fi ƙarfin titin.

Ƙarar kuwa ita ce ta fi bani dariya. A ciki in kana Sport zaka ji wani gurnani mai kauri har da tari in giya ta canza, ka ce lallai yau na hau mota. Rabin wannan gurnanin daga sifika yake fitowa, kwamfuta ce ke ƙara masa gishiri. Ranar da na gaya wa kawu haka yana gefe na, shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce, "Wai kai yaron nan, kana nufin ƙarar ma ta rediyo ce?" Na ce Kawu ba duka ba, amma da hannun rediyo a ciki. Ya ce toh kar ka kuskura ka gaya wa mai saye. Kawu ka yi haƙuri. Daga waje in ta wuce ƙarar bata kai yadda samari ke so ba, duk wanda burinsa ya tada unguwa da salansa ranar sallah wannan ba motarsa bace.

Inda na fahimci abun da masu ƙera ta suke nufi shine hanyar Aburi. Ka wuce Madina da Adenta da Oyarifa, daga Ayi Mensah ka fara hawa dutsen nan zuwa Peduase, kwana bayan kwana. Da yake batirin na ƙasa kuma a tsakiya, motar bata tangaɗi, kana juya sitiyari tana bi kaman ta riga ka sanin hanyar, fitowa daga kwana kuma lantarkin gaba ya jawo ka fetur ya turo ka daga baya, wallahi abun sai wanda ya ji. Sitiyarin dai ya cika sauƙi, baka jin titi sosai a tafin hannunka, kuma tayoyin sirara ne in aka duba girman motar, wasu ma da 195 a gaba suka fito, tamu 215 ce gaba 245 baya, saboda haka in ka shiga kwana da zafi gaban ne ke fara neman miƙewa yana ce maka malam sassauta. Saukowa kuma kana ɗaga ƙafa batir na cika da kansa, kafin ka iso ƙasa ka samu 'yan kilomitoci kyauta. Birkin ne sai ka saba, farkon takawa lantarki ke riƙe motar kafin ainihin birkin ya kama, sai ka ji ƙafarka bata gama yarda da shi ba. Wanda zai je dan Allah kar ya je safiyar Asabar, hanyar cike take da masu motsa jiki suna hawa da ƙafa.

Yanzu mu sauko ƙasa, ƙasa ta gaske. Tsakanin cikin motar nan da kwalta santimita 12 ma bai cika ba, kuma bata da abun nan na ɗaga hanci da wasu motocin gudu ke zuwa da shi. Kowa ya san ram ɗin rage gudu da ake zubawa a titunanmu, wasu hukuma ta yi, wasu 'yan unguwa ne suka tashi da dare da siminti bayan an kaɗe wani. Kowanne sai ka tsaya cak, ka karkace, ka hau da taya ɗaya tukun sannan ɗaya, na bayanka na ta hon yana zagin wanda ya saya maka. Shiga gidan mai, shiga get mai gangara, tsallaka sulab ɗin gota, duk lissafi ne. A garejinmu katako biyu muka ajiye musamman dominta.

Akwai wani biki da aka yi a dangi, ango ya zo har gida ya durƙusa wa kawu a ba shi ita a ɗauko amarya. Kawu ya ce in kai. Mun iso bakin layin gidan su amarya a cikin Nima, na fito na duba, layin ga rami ga gota a buɗe ga wani dutse da aka dasa a tsakiya tun zamanin kakanni, na ce wa abokan ango ko sama da ƙasa zata haɗe motar nan bata shiga. Aka yi ta ja-in-ja, wasu samari har suna cewa zasu ɗaga ta da hannu, na ce ku ɗaga ku biya. Ƙarshe a bakin titi na faka, aka taho da amarya da ƙafa ana guɗa, ga leshi ga gwaggwaro ya kai kamu guda a sama. Na ɗaga ƙofa, wayoyi suka tashi ana ta bidiyo, sai kuma aka tsaya kallon-kallo don ba wanda ya san ta inda za a fara. Dokin ƙofar motar nan faɗi gare shi kuma yana da tudu, kujera tana can ƙasa a bayansa, dole ka fara ba ta baya ka zauna a kan dokin, ka zame ciki, ka sunkuyar da kai, sannan ka kwaso ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Wata gwaggo ta riƙe gwaggwaro, ƙawaye biyu suka tattare leshi, wata ta kare da mayafi kar a ga abun da bai kamata ba, amarya na dariya tana kuka lokaci guda. Da aka isa kuma fitowar ta fi shigar wuya. Gwaggon nan ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanda ya yi motar nan bai da uwa ne?"

Ni kaina ranar Juma'a in na sa jallabiya na je babban masallacin Kanda da ita sai na tattare riga har gwiwa, hula kuwa cire ta nake in riƙe a hannu kafin in shiga. Kawu da ciwon gwiwarsa ya daina hawa gaba ɗaya. Ƙofar dai ba ta cin wuri a gefe kaman yadda ake zato, sama take nema, amma in wani ya faka ya manne maka toh sai ka jira shi. Gilashin gefe baya sauka duka, kullum da ɗan saura a tsaye, ba aljihu a jikin ƙofa don komai ka sa zai zubo in ta tashi. Kujerun baya guda biyu sunan kujeru kawai suka ci, yaro ɗan firamare ne zai zauna, mu jaka muke jefawa. But ɗin lita 154 ne kuma maƙwabcin inji ne, na taɓa sa burkina mai sanyi a ciki daga Madina, ban ba kowa labarin yadda na same ta ba. Gaba kuwa ba wajen kaya ko kaɗan. Cikin motar kansa lafiya lau, kujera mai daɗi, gudu na fitowa a jikin gilashin gaba, amma maɓallai da allon irin na sauran BMW ne na lokacin, in ka rufe ƙofa ka manta da waje zaka ɗauka a 3 Series kake.

Caji. Duk wanda zai kawo ta daga Amurka ya sani wayar cajin da take zuwa da ita ta wutar 120 ce, mu kuwa 230 muke da shi, ka cusa ta a soket ɗinmu ka yi asara. Bakin cajin ma na Amurka daban na Turai daban, saboda haka waya zaka nema mai bakin Amurka mai cin wutarmu. Mun samu, muka jona, ta ƙi, ashe soket ɗin garejin ba shi da waya ta uku mai shiga ƙasa, irin wayarin ɗin tsofaffin gidajen zango da aka yi tun kafin a haife mu, sai da mai gyaran wuta ya zo ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ja sabon layi. Daga nan ba matsala, awa 2 zuwa 3 ta cika, kuma da yake batirin ƙarami ne, kWh 7.1 kacal, mitar firfed bata jin jiki sosai. Bata karɓar cajin gaggawa, iyakarta kilowat 3.7, saboda haka wuraren cajin da aka fara kafawa a manyan shaguna ba wani amfanin kirki zasu maka ba. A nan ne kuma na ga ta fi motar lantarki zalla dacewa da mu, duk wanda ya rayu zamanin dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta, ya san abun da nake nufi, in an ɗauke wuta ba ruwanka, ka sa ta a Sport inji na tafiya yana cika batir. Tankinta lita 42, Accra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, zata kai ka ba tare da ka nemi soket ba, in dai ram ɗin garuruwan hanya sun bar ka da bamfa.

Shan mai, a takarda an ce lita 2.1 a kilomita 100, wannan lissafin ɗakin gwaji ne da batir cike. In batir ya ƙare fetur kaɗai ke aiki Amurkawa sun auna mil 28 a galan, wato lita 8 da ɗoriya a kilomita 100, kuma abun da nake gani kenan. Ga mota mai wannan siffa wannan ba komai bane, tambayi mai Land Cruiser V8 nawa yake zubawa a sati. Mai kyau dai take so, mai lamba 95, ba na galan a bakin hanya ba. Kuma murfin tankin sai ka danna maɓalli a ciki ka ɗan jira iska ta fita kafin ya buɗe, yaran gidan mai sun sha kai masa hannu zasu ɓalle, sai na yi ihu.

Damina kuwa kawu doka ya kafa, in hadari ya haɗu ta gabas makulli na aljihunsa. Batirin a rufe yake ruf ba wai ruwan sama zai taɓa shi ba, amma mota mai santimita 12 da wutar da ta haura bolt 300 a cikinta ba ita zaka shiga Kaneshie ko Circle da ita ba in kogin Odaw ya cika ya tumbatsa. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 baya wasa da ruwan Accra, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Toh ga babban ciwon kan, gyara. Mu a ƙasar nan alfaharinmu shine ba motar da ta gagari fitta, abun da fittocin Kokompe suka kasa na Suame Magazine a Kumasi zasu ƙera shi daga ƙarfen banza, kayan gyara kuma ka shiga kasuwar Abossey Okai ka fito da hom yus, wato na hannu daga waje. Duk wannan bai aiki a kan i8. Carbon ba a buga shi da guduma, ba a walda, in ya tsage yankewa ake a manna sabo da gam na musamman bisa ƙa'idar kamfani, kuma ba kowane gareji ko a Turai ke yi ba. Bonet ɗin gaba ba a yi shi don mai mota ya buɗe ba, mutum biyu ke ɗaga shi tare ɗaya a kowane gefe, in ba haka ba ka lanƙwasa shi, kuma ƙaramin batir mai bolt 12 a ƙarƙashinsa yake, wanda in ya mutu duk girman babban batirin motar bata ko tari. Injin baya an rufe shi da murfi da kusoshi, ba sandar duba baƙin mai, a allo ake gani. Akwai wani masta da muka kira kan ƙaramin batirin nan, mutumin kirki ne ya shekara yana mana aiki, ya zo da yaransa da sukundireba, ya leƙa ya hango wayoyin nan masu ruwan lemo sai ya ja baya ya goge hannu ya ce, "Alhaji wannan ba tawa bace, ina da iyali." Na ƙara ganin girmansa ranar, don waɗannan wayoyin su ne masu babbar wuta, kuma da wani ne cewa zai yi bari mu gwada.

Esi ma ba na kai wa mai gas a bakin titi bane, gas ɗin da ke sanyaya ka shi ke sanyaya babban batirin, in ya samu matsala ba zufa kaɗai zaka yi ba. Taya inci 20 ce siririya da ba kowane shago ke ajiyewa ba, ba sifiya a motar, in ƙusa ta shiga a hanyar Nsawam sai addu'a da mai faci. Garantin batirin shekara 8 ne, na duk samfuran farko ya ƙare. Kuma an daina ƙera ta tun Yunin 2020, gaba ɗaya guda 20,465 aka yi a masana'antar Leipzig ta Jamus daga 2014, ka raba wannan ga duniya ka gani nawa ne zasu mutu har kayansu su iso Abossey Okai. Komai sai an yi oda ya hau jirgi, da dala, kana zaune kana kallon sidi. Sabuwarta wajen dala 136,000 ce a Amurka lokacin da ta fito, yanzu ta faɗi kusan rabi, shi ke jan mutane, amma kayan gyaran basu faɗi tare da ita ba. Araha dai bata ado.

Kallo kuwa kana so baka so sai an yi. In harkarka haya ce ta biki ko masu ɗaukar bidiyon waƙa, ko kana da shago kana son a san da kai, toh wannan kallon kuɗi ne, har yau in ta tsaya a East Legon cikin manyan motoci ita ake fara ɗauka a waya, zanen jikinta bai tsufa ba ko kaɗan. In kuwa mai son sirri ne kai ka shiga uku, mai wankin mota zai ninka maka kuɗi, mai cicinga zai ninka, 'yan uwan da ka manta da su zasu tuna da kai.

Ni a ganina mai Prado ko Highlander a gida wanda yake son ta biyu ko ta uku, gidansa da daɓe har bakin kwalta, da wuta mai kyau, kuma ya riga ya san wanda zai duba masa ita da kwamfuta, shi ne zai ji daɗinta. Wanda zai tattara duk abun da ya mallaka ya saye ta ita kaɗai, ko ni da nake neman kamasho ba zan ba shi shawara ba. In da hali ma a nemi ta 2018 zuwa sama, batirinta kWh 11.6 ne ƙarfi 374, a lokacin ne kuma aka fito da mai buɗaɗɗen rufi mai kujera 2. Ga kuma kwastan, mota in ta haura shekara 10 akwai tara a kan kuɗin fito, su 2014 da 2015 duk sun faɗa ciki, kuma kar ka ce inji 1.5 ne zai yi sauƙi, darajar motar ake kallo. Mai sitiyari a dama kuwa kar ma ka fara, ta Ingila bata shigowa.

Kowa ya san da yawa daga cikin motocin da ke sauka Tema daga gwanjon motocin hatsari na Amurka suke, a gyara a fesa fenti a ce ba abun da ya same ta. A kan Camry wannan da sauƙi, a kan motar carbon tsagewar na iya ɓoye a ƙarƙashin kafet. Ka karɓi lambar chassis ka bincika tarihinta a intanet ka ga hotunan ranar gwanjo da idonka, ka sa a ɗaga ta a duba ciki, a jona kwamfuta a karanto lafiyar batir. Sannan ka ce a cika ta a gabanka, ka danna eDrive ka kunna esi, ka tashi daga Kanda ka nufi Madina. In injin fetur ya tashi da kansa kafin ka wuce Legon, ka juyo ka ce a sake maganar kuɗi.